Ɗigon Mai a Fuskar Eros

Ranar da Kafisiyas ya gaya mini ya manta fuskar matarsa, ina zaune a bakin rumfar aikinmu, kwanon farar ƙasa tsakanin ƙafafuna, ina shafe gumakan da aka kwaso daga tanderu. Aikina ke nan tun ina budurwa: shi ya gina ya gasa, ni in shafa fari in sa launi. A rumfar nan muka tsufa, shi bayansa ya ranƙwafa, ni haƙorana suka yi ƙaura, amma bakin yana nan da kaifinsa.

"Aristila, duba mini wannan," in ji shi.

Ya miƙo mini Eros guda, ɗanye sharaf, fitowarsa ke nan daga mazubi. Ga shi nan dai yadda kowa ya san shi, ɗan ƙiriniyar cikin alloli, da fukafukansa da kwarinsa da bakansa, mai harbin mutane da so ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. Sai dai fuskar sumul take, kamar tsakuwar rafi.

"In duba me?" na ce. "Ai an jima haka suke fitowa. In ba don ina zana musu ido da baki ba, da ƙwai mai fukafukai amaren garinmu Tanagara suke kaiwa ɗakin miji."

Bai yi dariya ba. Ya samu wani kifaffen tulu ya zauna, ya zuba hannuwa tsakanin gwiwoyi.

"Da safen nan na rufe ido na kira Timo," ya ce. "Ta zo, da tulunta a kafaɗa, da mayafin nan nata mai ruwan ƙasa. Na ga hannunta, har tabon ƙunar da ta yi a murhu na gani. Da na ɗaga kai, wajen fuskar haka yake." Ya nuna gunkin da haɓa. "Ta tafi, Aristila. Yau ne ta mutu."

Sai na ajiye buroshin.

Babu wanda bai sani ba a garinmu cewa fuskar Eros ɗin Kafisiyas fuskar Timo ce. Ya sassaƙa ta a shekarar da yake neman aurenta, lokacin da hankalinsa bai cika zama a jikinsa ba. Mai kula da ɗakin bauta ya zo yana ta kumfar baki, wai Eros namiji ne, yaya za a ɗora masa fuskar 'yar mai sayar da cuku? Kafisiyas ya ce masa, "Kai ka taɓa ganinsa ne? To ni na gan shi a bakin rijiya." Amare kuwa suka yi caa a kai, saboda dariyar nan ta Timo, wadda gefe ɗaya na bakinta yake riga ɗayan tashi. Tun daga nan mazubi ɗaya yake bugawa. Shi kuwa mazubi gasasshen yumɓu ne, duk gunkin da ka danna a cikinsa sai ya tafi da ɗan wani abu. Na sha gaya masa ya yi sabo, ya ce hannunsa ba zai iya maimaita abin da ya yi yana saurayi ba. Na asalin da ya sassaƙa kuma ya farfashe a shekarar da ƙasa ta girgiza. Timo ta daɗe da rasuwa, 'ya'yan da suka haifa babu wanda ya yi rai. Abin da ya rage masa mazubin nan ne, shi ma ga shi ya cinye.

"To tashi mana, ka zauna kamar wanda aka yi wa sata," na ce masa. "Nawa muka sayar lokacin da mazubin yake sabo? Mu nemo guda cikin na farko, ka ɗauki sabon mazubi a jikinsa, shi ke nan."

Na faɗa ne don in tashe shi. Da na ɗan yi tunani da na kama bakina, don na fi kowa sanin abin da za mu tarar.

A wurinmu amarya ba ta shiga gidan miji sai da Eros ɗinta a hannu. Ta ajiye shi a alkukin da ke kusa da murhu. Duk tsayuwar wata, miji ya ɗauko gorar man zaitun ya ɗiga mata ɗigo ɗaya a babban yatsa, ita kuma ta shafa a fuskar gunkin tana ambaton sunan mijin. Mace ba ta ɗiga wa kanta. In ba hannun miji ne ya zuba ba, ba a yi komai ba. Ranar da ta mutu a karya wa gunkin fukafukai, don kada ya taso ya koma neman wanda aka bari, a sa mata shi a kabari. Saboda haka yawancin gumakanmu na farko suna ƙarƙashin ƙasa tare da masu su. Waɗanda suka rage suna hannun tsofaffi irina.

Gidan Rodo muka fara zuwa, matar maƙerin unguwarmu da ya rasu, wadda aka yi aurenta shekara ɗaya da nawa. Tana tsakar gida tana shanya ɓaure.

"Lale da tsofaffin banza biyu!" ta ce. "Aure za ku yi ne kuka zo gayyata?"

"Rufe mana baki, Rodo, ke da ko farfesun kifi sai an tauna miki. Eros ɗinki muka zo gani."

Ai kuwa ba ta tsaya tambayar dalili ba. Ta shiga ta fito da shi a tafin hannu tana taƙama, kamar mai nuna jika. Fuska kam babu ita. Har wani ɗan rami ya yi a tsakiya, daidai inda yatsa ke zama, ya yi baƙi yana sheƙi.

"Kun gani?" ta ce. "Maigidana ko yana fushi da ni sai ya ɗiga. Akwai watan da muka yi faɗa har na jefe shi da ludayi. Da yamma ya shigo da ƙulu a goshi, ya ce, miƙo yatsan, mayya." Ta kwashe da dariya, dariyar ta koma tari, sai kuma na ga tana goge ido da gefen mayafi.

Kafisiyas ya juya gunkin ta nan, ya juya ta can, ya kai shi cikin rana.

"'Yar'uwa, ko kin tuna yadda fuskar take kafin ta cinye?"

"Wa ke kallon fuskar, ɗan'uwa? Ai ido yana kan mai zuba man." Sannan ta juyo kaina. "Ke kuma Aristila, me ya kawo ki kallon nawa? Naki ai ya fi na kowa cinyewa a unguwar nan. Mijinki Harmayos da shirun nan nasa, ashe mai yake ƙararwa a gida!"

Na yi dariyar da na saba yi in an zo wurin nan.

Haka muka yi ta yawo, yau wannan unguwa, gobe wancan ƙauye, jakin aro yana gaba muna binsa. Duk inda muka je labarin ɗaya ne. Tsohuwa ta fito da nata tana murmushi, mu duba, mu ga tsakuwa. Mun samu guda a wani gari na bakin teku, wurin matar wani matuƙin jirgi da ke raba shekara a kan ruwa; wannan akwai sauran haɓa da kunne ɗaya. Kafisiyas ya riƙe shi ya daɗe, yana shafa kunnen da farce. Matar ta karɓe abinta ta ce in ya gama kuka ya ba mutane wuri, tana da aiki.

A hanyar dawowa muka zauna ƙarƙashin wani zaitun, na ciro gurasar sha'ir da cuku. Bai taɓa ba.

"Na gane abin yanzu," ya ce. "Duk gidan da aka so juna, an cinye mini ita. Sai dai a ce akwai gidan da aka zauna shekara da shekaru ba a taɓa ɗiga man ba. To wace mace ce za ta fito da irin wannan ta nuna? Ai gara ta mutu."

"Ci gurasarka," na ce.

"Zan tona kabarinta."

"Ka haukace ne, tsoho? So kake a kore ka daga gari da duwatsu, a rufe mana rumfa? Ban da haka ma, me za ka tarar? Na Timo ai kai da kanka ka cinye shi. Kai da ba ɗigo kake yi ba, kwarara kake har yana bin gwiwar hannunta, ina jin ta daga bayan katanga tana zaginka kan ɓarnar mai."

Ya yi 'yar dariya. Sannan ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa, ni kuma na juya ina kallon jakin, don ba na son kallon namiji yana kuka. Tun daga ranar bai sake hura tanderu ba. Masu aure su zo, ya ce babu. Nakan kai masa abinci da safe, in koma da yamma in tarar ƙudaje sun fi shi ci. Yana zaune dai da gunki mara fuska a hannu, yana ramewa kamar itacen da aka sare wa saiwa.

Yanzu sai in gaya muku abin da ke cikin akwatina.

Mijina Harmayos ba mugu ba ne, kada wani ya ɗora masa abin da bai yi ba. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ban taɓa kwana da yunwa ba. Zakarun faɗa ne a ransa. Duk mazan Tanagara suna da wannan ciwon, amma nasa ya wuce magani. Tsayuwar watan farko bayan aurenmu na yi wanka, na gyara kitso, na zauna kusa da murhu da yatsana a shirye. Ya shigo. Ya miƙa hannu ya ɗauki gorar man. Sannan ya fice tsakar gida, ya kama jan zakaransa ya sa a cinya, yana shafa masa man a ƙafafu yana yi masa magana a hankali, don washegari akwai karawa. Na ce mantuwa ce. Wata na biyu ma haka. Kuma abin nan ba a roƙonsa, duk macen garinmu ta san wannan. In kin roƙa aka ɗiga, mai kawai aka zuba miki a hannu.

Su kuwa mata, in sun shigo gidanki, kafin su gaishe ki idonsu ya riga ya je alkuki. Da na ga shekara ta juyo fuskar gunkina tana nan fes, har an fara yi mini wani irin kallo, sai na ɗauko guda daga rumfa cikin waɗanda suka ɗan tsage a wuta. Na sa dutsen goge kaushi na ɗan ci fuskar, na shafa masa mai da kaina, na ɗora a alkuki. Duk wata in ƙara gogawa kaɗan. Na gaskiyar na naɗe shi da ulu na sa a ƙasan akwati, ƙarƙashin kayan aurena. Harmayos ya zauna a gaban alkukin nan har gashinsa ya yi fari, bai taɓa lura an sauya ba. Gogawar tawa ma ta yi yawa, shi ya sa nawa ya fi na kowa cinyewa, har ake kawo amare su gani su ɗauki darasi.

Ba ƙina yake yi ba. Da ƙi ne, da na samu abin da zan riƙe in yi faɗa da shi. Kawai dai bai taɓa ganina ba. Na yi kaɗaici a gidan nan yana raye, na yi bayan ya mutu, ban ga wani bambanci ba sai dai zakarun da suka daina cara. Ba mu haihu ba. Ranar binne shi na yi kuka sosai, mata suna riƙe ni suna cewa dubi so, ni kaɗai na san abin da nake yi wa kukan.

To ga ni da fuskar Timo a akwati, ga mijinta yana mutuwa a zaune don rashinta. Na yi ta kai da kawowa da zuciyata. In ce, ina ruwanki, shi ai ya sha man nasa har ya kwarara, ke me kika samu? Abu ɗaya kika mallaka a garin nan, sunan matar da aka so, shi ma za ki je ki ajiye a gaban tsoho? Kada kuma wani ya ce son Kafisiyas nake yi. Tir! Mutum mai warin hayaƙi da gashi a kunne. Timo ce ƙawata. Katanga ɗaya ta raba mu, tare muke ɗiban ruwa, ni na yi mata wankan ƙarshe. Ita ce ma ta miƙa mini gunkin da hannunta ranar aurena, cikin na farkon farko da suka fito daga mazubin, ta matso kunnena ta ce, "Ki cinye mini fuskar nan tas, kada ki bar ko hanci."

Wata safiya na kai masa kunun sha'ir na tarar da na jiya yana nan ya yi tsami, shi kuma ko ɗaga kai bai yi ba. Na koma gida na buɗe akwatin.

Na ɓoye ƙunshin a cikin mayafi na ratsa kasuwa, ina ji kamar kowa yana gani ta cikin tufa. Da na isa rumfa na ajiye a kan tebur gabansa.

"Wata mata ce daga ƙetaren kogi ta ba ni aro," na ce. "Ta sa na rantse ba zan faɗi sunanta ba. Kada ka tambaye ni, kada kuma ka gaya wa kowa, in ba haka ba in fasa maka tulu a kai."

Ya warware ulun. Ni kaina na daɗe ban ga gunkin ba. Farin yana nan, jan leɓen da na sa ina yarinya yana nan, shuɗin fukafukan ko dusashewa bai yi ba. Ga gira, ga ɗan hancin, ga gefen bakin nan da ya riga ɗayan tashi. Timo ce tsaf.

Ya fita da shi bakin rumfa inda haske yake. Ya daɗe yana kallo. Ina jiran ya fashe da kuka ko ya faɗi, sai na ji ya ce, a hankali:

"Na san wannan. Yarinyar bakin rijiya ce."

"To ba ita kake nema ba?"

Ya girgiza kai. "Wannan ba ta san ni ba tukuna. Ba ta binne ɗa ba, ba ta taɓa zagina ba, ba ta yi jinyata ba. Kyakkyawa ce, amma ba matata ba ce, Aristila. Wadda ta zauna da ni nake nema, ita kuwa ban taɓa sa ta a mazubi ba."

Kai, ban san lokacin da na miƙe ba. "Ba matarka ba ce? Kai ka san abin da aka haɗiye kafin a fito da wannan? Ka san..." Sai na kama kaina, na ciji leɓe. Na tsaya ina huci, shi yana kallona kamar akuyar da ruwa ya daka. Cikin hucin ne abin ya faɗo mini.

"Tashi ka kwaɓa yumɓu," na ce.

"In yi me da shi?"

"Ka ɗauki mazubin. Ƙashin fuskar ai shi ne wannan, ƙashi ba ya tsufa. Sauran yana kaina. Kai kana kallon tanderu, ni ita nake kallo, kullum, ta kan katanga. Ka buga mini ɗanye, in nuna maka inda shekaru suka zauna."

Ya tashi. Rabon da in ga ya tashi da sauri haka har na manta. Ya jiƙa yumɓu mai laushi, wanda muke tacewa don fuska, ya murza ya murza har ya yi santsi, hannunsa ya ɓaci har wuyan hannu. Ya kwantar da gunkin a kan tsumma. Sai ya tsaya.

"Sai an shafa masa mai," ya ce, "in ba haka ba yumɓun zai kama ya ɗauke launin. Hannuna ya ɓaci. Miƙo yatsanki."

Ya ɗauko gorar man rumfa da tafukansa biyu, ya karkata ta. Na miƙa. Ban yi tunani ba, aiki ne, na miƙa kawai. Ɗigo ɗaya ya sauko ya zauna a kan babban yatsana, kore-kore, mai ɗumi don gorar ta sha rana.

Ashe haka yake. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

"Yi sauri mana, zai zube," in ji shi, idonsa yana kan yumɓun.

Na ɗora yatsan a goshin gunkina, na gangaro kan hanci, na zagaya kumatu, na bi gefen bakin. Bakina ya buɗe da kansa, don tun muna yara muke kwaikwayon abin da 'yar tsana, an san a nan ake faɗin suna. Na lalubi suna ban samu ba. Na rufe bakin na ce masa ya shafu.

Ya danna yumɓun a hankali, ya bi kowane lungu, ya ɗaga. Mazubi ya fito tsaf. Muka bar shi ya sha iska har ya bushe, sannan aka hura tanderu, unguwa ta ga hayaƙi har wasu suka leƙo suna tambaya ko tsohon ya warke ne. A kwanakin nan ya fara cin abinci, yana mita wai gishiri ya yi yawa.

Ranar da mazubin ya huce ya buga fuska ɗaya, ya ajiye ta ɗanya a kan allo, ya ɗauki ɗan tsinken ƙashin da yake sassaƙa da shi. Na jawo kujera na zauna a gefensa.

"Fara da nan," na ce, "tsakanin gira. Layi biyu, na hagun ya fi zurfi. Kai ka sa mata su da taurin kanka. A'a, ba haka ba, ka mai da ita mafaɗaciya! Sassauta. Yauwa. Yanzu ƙarƙashin ido, rage naman, tun rasuwar ɗanku na biyun bai dawo ba. Kumatun nan su ɗan sauko. Gefen bakin kuma kada ka taɓa shi, ja layi kawai daga hanci ya zagaye shi, don har ranar da na rufe mata ido yana nan a ɗage."

Ina faɗa yana yi. Can sai na ga hannunsa ya riga bakina. Ya yi wani ɗan tabo a haɓa wanda ni na manta da shi. Ya taɓa fatar ido, ya ɗan nauyaya ta, yadda take yi in tana jin barci amma ba ta son a sani. Na bar shi. Tsinken ya yi ta tafiya, yana ƙara yin sannu, har ya tsaya.

Tsohuwar mata ce a kan allon, mai gajiya a ido, tana shirin yi wa wani dariya.

"Ga ki nan," ya ce. "Ina kika shiga?"

Ba da ni yake ba. Ya sunkuya yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, yana ba ta labarin rufin ɗaki da ke yoyo da itacen ɓauren da ya ƙi 'ya'ya bana. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, har idona ya kawo ruwa. Na kuma ji kaina kamar baƙuwar da ta shigo ɗakin mutane ba sallama. Na tashi a hankali na ɗauki gunkina, na fara naɗe shi da ulun.

Ina bakin rumfa ya ɗago.

"Aristila, za ki mayar mata?"

"Zan mayar."

Ya taso ya karɓa, ya ɗan buɗe ulun ya sake duban fuskar. Man ya shiga cikin farin ya bar duhu-duhu a goshi da kumatu.

"Na ɓata mata shi," ya ce. "Ki ba ta haƙuri." Ya jujjuya shi a hannu. "Wayyo, baiwar alloli. Dubi fa, ko gira ba ta ci ba. Tun zamanin da na buga waɗannan take gidan, ko sau ɗaya ba a... Kai. Yaya ta yi ta rayu?"

"Ta saba," na ce.

"Tana da wani kusa da ita dai?"

"Tana da aikinta."

Ya naɗe ya miƙo mini da hannu biyu. "Ki ce mata ta dawo mini da matata. Ki gaishe ta da kyau."

"Za ta ji," na ce.

Ya koma wurin Timo, ni na kama hanya. A kasuwa mai kifi ya kira ni ban tsaya ba. Da na shiga gida na buɗe akwatin, na tsaya a kansa da ƙunshin a hannu, sai na ga ba zan iya mayar da shi cikin duhun nan ba. Na sauke wancan na alkuki, mai ramin da dutsen kaushi ya yi, na jefa shi a akwatin na rufe. Na ɗora nawa a wurin. Rodo takan leƙo aron wuta, kuma na san inda idonta zai fara zuwa. Ta zo ta gani. In na mutu wannan nake so a karya wa fukafukai a sa mini, da girarsa da hancinsa da ɗigon nan ɗaya da ya samu.

Hasken yamma ya shigo ta ƙofa ya sauka a kan goshin, wurin man yana ɗan sheƙi. Na zauna na kalle shi har hasken ya janye. Sannan na hura wuta na ɗora tukunyar mutum ɗaya.